Shayin bayan la'asar da masar Juma'a: yadda nake ajiye wa kaina abin sa rai a Jos

Duk wata ina cire ɗan kaso daga abin da ya shigo hannuna, wanda bai wuce kuɗin keke-napep na mako guda ba, in ajiye shi daban da sunan kuɗin marmari. Ba a taɓa shi don magani ko gudummawar biki. Aikinsa shi ne ya sa kowace rana ta kasance da wani ɗan abu a gaba, wanda tun da hantsi zan riƙa cewa bari lokacinsa ya yi.

Kusan rabin daɗin irin wannan abu a cikin jira yake. Hausawa kan ce sa rai ga ci shi ke kawo yunwa, kuma gargaɗi ake nufi, amma ni yunwar nake nema, don ita ke sa loma ta yi armashi. Duk wanda ya taɓa azumi ya san haka. Dabino uku da ruwan sanyi ba komai ba ne a watan Shawwal, amma a Ramadan tun azahar ake tunaninsu, kuma hadisi ya ambaci farin cikin mai azumi a lokacin buɗa baki. Masu binciken ƙwaƙwalwa ma sun ga haka. A shekarun 1990 Wolfram Schultz ya nuna cewa idan biri ya saba wata alama ce ke zuwa kafin a ba shi ruwan 'ya'yan itace, ƙwayoyin ƙwaƙwalwarsa masu fitar da dofamin, sinadarin da ke da alaƙa da sa rai ga lada, sukan motsa ne da ganin alamar, tun ladan bai iso bakinsa ba. Don haka abin marmarin yana bukatar sanannen lokaci. Wanda ya faɗo ba zato yana da daɗi, sai dai ba ya ɗaukar mutum daga safe zuwa yamma.

Na kullum a wurina shayi ne, kuma na ɗaure shi da sallar la'asar. Agogo ana iya ɗaga shi, "sai na gama aiki" kuwa ba ta da rana, amma la'asar tana zuwa ko an shirya ko ba a shirya ba. Ga yadda nake dafa na mutum biyu. Ruwa leda ɗaya da rabi na fiya wata, wato mililita 750, don wani zai ƙone a wuta. Ɗanyar citta kamar gaɓar babban yatsa, a kankare a daddaka ta, kada a yanka, domin dakakkiya ta fi sakin yaji. Kanumfari uku, masoro huɗu ko biyar a ɗan fasa, da guntun kirfa. A zuba su tun ruwan yana da sanyi, a rufe, idan ya tafasa a rage wuta a bar shi minti takwas zuwa goma. Sai a sauke, sannan a sa ganyen shayi ƙaramin cokali biyu, a mayar da murfi na minti uku zuwa huɗu, a tace. Na'a-na'a a ƙarshe take shiga, cikin kofi, don in ta dahu ƙamshinta ya bi iska.

Wuraren da shayi ke lalacewa sanannu ne. Mafi yawa shi ne dafa ganyen tare da kayan ƙamshi tun farko: ganyen yana sakin sinadarin da ke sa bauri, sai mutum ya yi ta ƙara sukari yana neman rufe ɗacin. Kanumfari idan ya haura biyar a wannan ruwan yakan kashe harshe ya danne citta. Lemon tsami da madara ba sa haɗuwa a kofi ɗaya, madarar za ta tsinke ta yi gudaji. In madarar gari ce, a fara dama ta da ɗan ruwan ɗumi kafin a tsiyaya shayin a kai. Akwai kuma abin da ya shafi Jos kanta. Garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, saboda haka ruwa yana tafasa a wajen digiri 96 maimakon 100, kuma a Disamba da Janairu kofin tangaran da ya kwana a kicin sanyi ƙarara yake. Kana zuba shayi ya zuƙe zafin. Shi ya sa nake ɗauraye kofin da ruwan zafi tukuna, kamar yadda masu shayin da suka san aikinsu suke yi.

La'asar ta dace ta wani gefen ma. Sinadarin kafeyin da ke cikin shayi yakan ɗauki kimanin awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki, don haka wanda ya sha mai kauri bayan isha'i bai kamata ya yi mamakin juyi a kan katifa ba. Shayi tare da abinci kuma yana rage yadda jiki ke zuƙar sinadarin ayan mai ƙara jini, abin da ya fi shafar masu juna biyu, shi ya sa ya kyautu a bar tazarar awa guda. Sukari ƙaramin cokali ɗaya giram huɗu ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu a abinci, wanda ga babba ya kama wajen giram 50 a yini. Cokali biyu a kofi ya wadatar, in dai ba a bi shi da lemon kwalba ba.

Waya tana aljihu har kofin ya ƙare. Minti goma sha biyar ne, kuma idan ido yana kan WhatsApp, za ka ɗaga kofi ka tarar babu komai ba tare da ka san ka sha ba. Sannan ni nake dafawa, ni nake wanke tukunya. Idan hutun maigida ya zama ƙarin aiki ga uwargida, ba zai daɗe ba, kuma ita ma tana da haƙƙin nata lokacin da ba wanda zai ƙwala mata kira.

Na mako shi ne masa, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ina tsayawa a saya daga kan tanda, ba wadda aka tara a roba ta yi gumi ba. Mai masar da ta iya takan ɗiga mai a kowane gurbi, ta zuba ƙullu da ludayi, ta jira gefen ya yi ja ya fara janyewa kafin ta sa cokali ta juya. "Hajiya, a bar min nawa su ɗan ƙara soyuwa," abin da nake cewa ke nan, ita kuma ta ce, "To Malam, sai ka yi haƙuri layi ya zo kanka." Guda biyar da yajin ƙuli, shi ke nan.

Jarabar da ke nan ita ce a ce tunda akwai daɗi, me zai hana a riƙa ci kullum. Abin da zai hana shi ne sabo. A 2013 wasu masu bincike biyu, Jordi Quoidbach da Elizabeth Dunn, sun gwada haka da cakulan: wasu aka ce su ƙaurace masa mako guda, wasu aka ba su da yawa aka ce su ci iya son ransu. Da aka dawo aka ba kowa ya ɗanɗana, waɗanda suka ƙaurace su suka fi jin daɗinsa. Shayi yana jure maimaici saboda arha ne kuma ana sauya masa kayan ƙamshi, yau citta ta yi rinjaye, gobe na'a-na'a. Masa, tsire da kifi gasasshe ba sa jurewa, ga kuma aljihu. Kada kuma a ci marmari da bashi. Tsiren da aka karɓa "sai ƙarshen wata" yakan sa mutum ya sauya hanya don kada ya wuce ta gaban mai nama.

Wani sharaɗin shi ne kada abin ya rataya a kan abin da ba ya hannunka. Kallon ƙwallo a gida daɗi ne har sai an ɗauke wuta ana tsakiyar wasa. Fita yawo da yamma yana da kyau a rani, amma a Yuli da Agusta ruwan Jos ba ya shawara da kowa, kuma mazauna garin nan sun san ranakun dokar hana fita. Saboda haka kowane abin waje ina da madadinsa na cikin gida: gawayi da kurfoti idan gas ya ƙare, rediyo mai batir, gyaɗa a kwalba.

Wannan tsari ba maganin ciwon damuwa ba ne, ko da yake masu ilimin halayyar ɗan Adam, tun daga aikin Peter Lewinsohn a shekarun 1970, suna sa marasa lafiya su tsara ƙananan ayyukan jin daɗi a matsayin wani ɓangare na jinya. Wanda ya kai mako biyu ba abin da ke masa daɗi, barci da ci sun rikice, likita ya kamata ya gani.

Na shekara kuwa ƙasa ce ke tsara shi, nawa kawai in kula. Gasasshiyar masara sabuwa a tsakiyar damina, sitiroberi daga wajen Vom idan sanyi ya shigo, sabon dankalin turawa da kayan lambu a kasuwar Farin Gada, sai atile. Atile na da ƙa'ida da baƙi ke yawan kuskurewa. Ba a tafasa shi, ruwa mai tsananin zafi ƙara masa tauri yake yi. Ruwan ɗumi ake so, wanda yatsa zai iya jurewa, a wanke atilen a zuba, a rufe kwanon, a riƙa matsa ɗaya bayan kamar minti goma sha biyar. Idan naman ya saki ƙwallo cikin sauƙi ya yi, sai a tsiyaye ruwan a barbaɗa gishiri kaɗan. A jiƙa iya wanda za a ci a zama ɗaya, domin wanda ya yi laushi ba ya jimirin ajiya.