Wasiƙa daga bakin Kogin Senegal

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Ina fata kuna lafiya, ya aiki, ya iyali?

Ina rubuto muku daga Ndar, garin da Faransawa suka raɗa wa Saint-Louis, inda Kogin Senegal ke faɗawa teku. Gaba kaɗan da nan akwai madatsar Diyama, wadda aka gama a 1986 don tare ruwan gishiri da ke haurowa kogi da rani. In ka tsaya a kanta, ta wannan hannu ruwan gishiri, ta wancan ruwan daɗi, in ka ƙarasa ƙetarewa ka shiga Muritaniya. Ita da babbar 'yar uwarta ta Manantali a Mali, dukiyar haɗaka ce ta ƙungiyar raya Kogin Senegal, wato OMVS, da Mali da Muritaniya da Senegal suka kafa a 1972, Gini ta shigo a 2006. Ƙasashe ukun farko tare suka ci bashin gini, kowa da kasonsa na biya. Wutar Manantali ma a rubuce rabonta yake: Mali kashi 52, Senegal 33, Muritaniya 15.

Kada ku ɗauka zaman lumana suke yi kullum. A 1989 Senegal da Muritaniya sun yi mummunan rikici, an zubar da jini, an kori dubban mutane, aka yanke hulɗar jakadanci har 1992. Duk da haka ƙungiyar ba ta watse ba, don wanda ya fice ya bar ruwansa da kuɗinsa a ciki. Aikin kuma bai rasa illa ba: tsargiya ta addabi mutanen garin Richard-Toll da ke bakin kogin, kacalla ta cinye hanyoyin ruwa, irin dai wadda ta hana manoman Haɗeja da Nguru sakat.

To mu fa? Hukumar Tafkin Chadi ta girmi OMVS, tun 1964 Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi suka kafa ta. Amma da aka zo aiki kowa gabansa ya sa. Kamaru ta yi madatsar Maga, mu a Najeriya muka yi Tiga da Challawa, ruwan da ke gangarawa Komadugu Yobe ya ragu, mutumin Diffa ya ji a jikinsa. A 2018 an yi gagarumin taro a Abuja kan jawo ruwa daga yankin Kogin Kwango zuwa tafkin, shugabanni suka yi na'am, aka watse. Har yau ruwan na kan takarda.

A ganina matsalar ta shugabanci ce kafin ta kuɗi. Shugabanninmu na son sa hannu a gaban 'yan jarida, amma ba mai yarda ya ɗaure kansa da abin da zai hana shi yin gaban kansa gobe. In gwamnati ta sauya, ko aka yi juyin mulki, sai a koma tun farko. Kun ga abin da ya faru a 2023: bayan sojoji sun karɓi mulki a Yamai, aka rufe iyaka, Najeriya ta katse wa Nijar wutar lantarki, kaya suka ruɓe a Jibiya da Illela. A 2025 Nijar ta fice daga ECOWAS, ta kuma janye daga rundunar haɗin gwiwa ta yankin tafkin. Yanzu wane shugaba ne a Yamai zai yarda ya ci bashin madatsa tare da maƙwabcin da ya taɓa kashe masa wuta?

A gaida mutanen gida baki ɗaya.

Naku,
ɗan uwanku a Ndar