Yadda na kare zogale da lemon tsami daga gara da darɓa

A tsakar gidanmu da ke Ɗorayi na dasa zogale, lemon tsami, rumman da lalle, irin shukokin da ake dasawa sau ɗaya a yi shekaru ana mora. Farkon Yuli na yi dashen, bayan ruwa ya zauna. Kowane rami zurfin kamu ɗaya, faɗinsa ma haka.

Kuskurena na farko shi ne taki. Ɗanyen kashin awaki na zuba, haɗe da karmami. Da damina ta ɗauke a Oktoba, gara ta biyo busasshen karan, ta zarce cikin zogalen da na kafa da reshe. Ganye ya yi rawaya, na ɗauka ƙishi ne na ƙara ruwa, ashe ciki ya zama holoƙo. Yanzu sai taki ya yi wata 3 a rami ya ruɓe, ya yi baƙi, kafin ya kusanci gindi. Zogale kuma daga iri nake shuka shi, domin na iri yana da doguwar saiwa, na reshe kuwa yankakken gindinsa ƙofa ce ga gara. In ya kai ƙugu na datse kansa ya yi rassa.

Lemon tsami kuwa darɓa ce, wato ƙananan ƙwari masu tsotsar ruwan ganye, ta addabe shi, musamman sabon toho. Alamarta ganye ya nannaɗe, ya yi danƙo, sannan baƙin hunhuna ya rufe shi. Duba kiyashi: zaƙin da darɓa ke fitarwa suke sha, su kuma kore ƙwarin da ke cinye ta. Sai da na zagaye gindin da toka suka rage hawa.

Maganin darɓar yana bakin titi, 'ya'yan darbejiya. Na shanya su a inuwa, na ɓare, na daka giram 50 na ƙwayar ga kowace lita 1 ta ruwa, na bari ya kwana. Washegari na tace da ƙyalle, na narka ɗan sabulun salo don ya kama ganye. Kada a sa garin sabulun wanki, ƙona ganye yake. Da yamma nake fesawa, ta ƙasan ganye inda suke ɓuya, saboda rana na kashe ƙarfinsa. Ba ya kashewa nan take, hana su ci da hayayyafa yake yi, shi ya sa nake maimaitawa duk kwana 7, sau 3.

Tsutsar nan mai kama da kashin tsuntsu a ganyen lemo ba ta buƙatar feshi, da hannu nake tsince ta da safe. Lalle da rumman ba su ba ni wahala ba, sai dai akuyar maƙwabta, ita kuma sai da na kewaye su da ragar waya.