Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Na Koma Koyon Jan Numfashi

A makon jiya mun tsaya ne a inda aka sallame ni daga asibiti, bayan ruwan da ya taru a huhuna da ƙafafuna ya janye. Aka haɗo ni da jakar magunguna da takardar zuwa sashen motsa jikin masu ciwon zuciya. Takardar nan ba ta kwanta mini a rai ba. Mutumin da in ya tashi daga falo zuwa banɗaki sai ya dafa bango ya huta, shi ne za a ce ya je motsa jiki? Uwargida ma ta goyi bayana, ta ce hutu nake buƙata. Likitana ya ƙi. Ya ce a da haka ake yi, a kwantar da mai raunin zuciya a hana shi motsi, sai daga baya aka gane kwanciyar cinye tsokar jiki take yi. Ya kawo mini zancen wani babban bincike mai suna HF-ACTION da aka fitar a 2009, wanda aka yi da mutum 2,331 masu irin ciwona, aka ga motsa jiki ƙarƙashin kulawa ba ya jefa wanda ciwonsa ya lafa cikin haɗari. Na ce to.

Wadda ta karɓe ni a sashen wata likitar fisiyo ce, wato mai jinya ta hanyar motsa jiki, ba za ta wuce sa'ar 'yata ta biyu ba. Ta fara sa ni gwajin tafiyar minti shida: baranda mai tsawon mita 30, ka je ka dawo iya ƙarfinka, ga kujera a gefe in abin ya fi ƙarfinka. Na zauna a kujerar tun lokaci bai cika ba. Ta ce in auna hakin da nake ji daga sifili zuwa goma, na ɗaga mata yatsu saboda magana ta ƙi fita.

Da na dawo hayyacina sai ta ɗauko wata 'yar na'ura mai bututu, ta matse mini hanci da wani ɗan abin roba, ta ce in fitar da iskar da ke ƙirjina kaf, sannan in kama bututun da leɓe in ja da dukkan ƙarfina. Na ja, ba abin da ya shigo, domin a toshe yake. Ƙarfin jan kawai ake aunawa, kuma da santimitar ruwa ake lissafa shi, wato tsayin da jan zai iya ɗaga ruwa a bututu. Muka maimaita, ta ɗauki lamba mafi girma, ta duba wani jadawali na shekaru da jinsi. Lambata ba ta kai kashi 70 cikin 100 na abin da ake tsammani ga namiji mai shekaruna ba, kuma nan ne iyakar da suke cewa tsokar numfashi ta yi rauni.

"Baba, ba zuciyarka kaɗai ce ta gaji ba," in ji ta. "Akwai wata shimfiɗaɗɗiyar tsoka da ta raba ƙirji da ciki, ita muke kira dayafram. Ita ce ke yin ƙasa ta jawo iska cikin huhu, tsokokin tsakanin haƙarƙari suna taya ta. Idan zuciya ta daɗe ba ta tura jini sosai, ita ma ramewa take yi."

Na ce, "Haba 'yata, tun ranar da aka haife ni nake numfashi ban taɓa fashi ba. Wane horo kuma ya rage?"

Ta yi dariya ta ce ai kullum ina ɗaga hannuna, amma hakan bai mayar da ni ɗan wasan ɗaga ƙarfe ba, sai an ɗora wa tsoka nauyi take ƙaruwa. Ta ƙara da cewa ba ni kaɗai ba ne, tsakanin kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin masu raunin zuciya ana samun su da wannan matsala.

Nauyin da aka ɗora mini a cikin wata roba yake, tsawonta bai wuce tafin hannu ba. A cikinta akwai sifirin da ke danne wani ɗan bawul. Ba za ka sami iska ba sai ka ja da ƙarfin da ya rinjayi sifirin ɗin, sai bawul ya buɗe ka ji iska ta kwararo. Fitar da iska kuwa ba wahala. A gindinta akwai abin murɗawa, da shi ake ƙara wa sifirin tauri ko a sassauta. Ta saita mini a kashi 30 cikin 100 na ƙarfin da na nuna a gwaji, ta ce rabin awa kullum, in ya yi mini yawa in raba shi safe da yamma. Na tambaye ta ina aka samo wannan lissafi. Ta ce daga cikin binciken da aka fi dogara da shi akwai na wasu likitoci a birnin Porto Alegre na ƙasar Burazil, wanda aka wallafa a 2006. Marasa lafiya 32 ne, aka raba su gida biyu: wasu da sifirin mai nauyi, wasu da na'urar da ba nauyi a cikinta. Bayan mako 12, waɗanda aka ba mai nauyin, ƙarfin jan numfashinsu ya ninka har da ɗori, nisan tafiyarsu ta minti shida ya ƙaru da kashi 19 cikin 100. Mutum 32 ba taro ba ne, ni ma na faɗa mata haka. Ta amince, ta ce an sake gwadawa a wasu wurare an ga amfani.

Yin abin ya fi faɗarsa wuya. Ka zauna a miƙe, hanci a matse, hannu ɗaya a kan ciki. Da na ja sai kafaɗuna su ɗaga, jijiyoyin wuyana su fito raɗa-raɗa, hannun da ke kan cikina ko motsi. Sai ta dafa kafaɗata ta ce, "A'a Baba, bar wuyan nan ya huta. Tura mini hannun nan waje." In ka yi sauri jiri ya ɗebe ka, in ka yi sanyi bawul ya ƙi buɗewa. Ga yawu da ke taruwa a bututun, dole a wanke a shanya. Ga gundura, wadda a ganina ita ce babbar abokiyar gaba, don ba wanda zai ga kana zufa ya yaba maka. Kana zaune ne kawai kana shaƙar roba, jikokinka na leƙowa suna ƙunshe dariya. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ladan ƙoƙari: duk mako a sake gwaji, in lamba ta hau sai a ƙara murɗa sifirin.

Abin mamakin, ba a ƙirjina na fara jin sauyi ba. A ƙafafuna ne. Tun farkon ciwon, in na hau bene cinyoyina kan mutu tun kafin haki ya kama ni, ni kuma na ɗora laifin a kan tsufa. Sai ga shi wata rana na kai saman matakala ban tsaya a tsakiya ba. Da na ba ta labari ba ta yi mamaki ba ko kaɗan. Ta ce idan tsokar numfashi ta galabaita, wasu sinadaran gajiya kan taru a cikinta, jijiyoyi su kai saƙo ƙwaƙwalwa, ƙwaƙwalwa ta ba da umarni a tsuke hanyoyin jinin da ke zuwa hannuwa da ƙafafu domin a karkatar da jinin wajen numfashi. Jiki ya san numfashi ya fi tafiya muhimmanci. Mai lafiyayyar zuciya sai ya yi gudu mai tsanani hakan ke faruwa da shi. Ni da jinin da zuciyata ke turawa bai taka kara ya karya ba, matakala kaɗan sun isa a yanke wa ƙafafuna rabonsu. Yanzu da dayafram ɗin ta daina saurin gajiya, ta daina saurin kai ƙara, sai aka bar wa cinyoyi nasu. A duk bayanan da aka yi mini tun da na kwanta ciwo, wannan ne ya fi shiga kaina, domin a jikina na gan shi kafin a faɗa mini.

Akwai wani dattijo da muke layin hawa keken motsa jiki tare a sashen, ya ga robar tawa ya ce shi ma zai nemo ya huta da haɗiyar ƙwayoyi. Ban taɓa ganin fuskar yarinyar nan ta ɗaure irin ta ranar ba. Ta ce, "Baba, don Allah kar in sake jin wannan magana. Magungunan ne ke riƙe da zuciyarka. Wannan ƙari ce a kan tafiya da keke, kuma sai an gwada ka an saita maka." Ni ma akwai makon da ta karɓe tawa ta ajiye. Dokar ita ce in hau sikeli kowace safiya, in nauyi ya ƙaru da fiye da kilo 2 cikin kwana uku, ko na ga ina ƙara filo kafin in iya barci, to ruwa ne ke dawowa, a dakatar da komai a kira likita. Haka aka yi, aka gyara mini maganin fitsari, da abin ya lafa muka ci gaba.

Da wa'adin ya cika aka maimaita gwaje-gwajen. Lambar jan numfashina ta haura iyakar rauni, na kuma cika minti shidan ban nemi kujera ba. Na tafi hoton zuciya da ƙwarin gwiwa, ina jiran in ji ita ma ta farfaɗo. Likita ya daɗe yana kallon allon. Lafiyayyar zuciya kan tura fiye da rabin jinin da ke cikinta a kowane bugu, tawa kuwa har yanzu ba ta kai kashi 35 cikin 100 ba, duk da watannin da na yi ina shan magani ba fashi. Ya ce horon ya yi aikinsa, amma dama ba a ce zai gyara zuciyar kanta ba. Sannan ya juyo da kujerarsa ya tambaye ni ko uwargida tana waje, yana so ta shigo, domin akwai maganar wata na'ura da ake dasawa ƙarƙashin fatar ƙirji da ya kamata mu ji tare. Yadda muka kwashe da ita a kan wannan magana, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.