Idan ƙashi ya karye, yatsu ake fara dubawa

Ƙannena 'yan ƙwallo da 'yan achaba da masu hawa gini, da ku nake, domin ku ne kuka fi zuwa da karaya. Cikin ƙasusuwa 206 da ke jikin baligi, 126 suna hannuwa ne da ƙafafu da kafaɗu da ƙugu, su ne kuma ke fara cin ƙasa idan an faɗi. Shi ƙashi yana da haƙuri, in aka daidaita shi aka hana shi motsi zai haɗe. Jijiyoyin jinin da ke bin gefensa ne ba sa jira. Mu ma da muke aikin kula da karaya, a farkon koyo mukan zuba wa wurin karayar ido mu manta da yatsu, kuma ba da arha muka gane kuskuren ba.

Naman sangalin hannu da na ƙwauri yana cikin wata jaka ce mai tauri wadda ba ta buɗewa. Bayan karaya jini na taruwa a ciki, nama ya kumbura, kumburin kuma ƙaruwa yake har kwana 2 ko 3. To, in mai ɗori ya jera kara ya ɗaure tamau tun ranar farko, kumburin ya rasa inda zai nufa, sai ya shaƙe jijiyoyin jini. Awa 6 zuwa 8 ba jini, nama ya soma mutuwa. Kada a ɗora wa ɗorin gargajiya laifin shi kaɗai, filastar asibiti ma haka take yi in ta matse.

Alamar farko ciwo ne na fitar hankali wanda magani ba ya kwantar da shi, kuma in ka miƙar da yatsan mutum a hankali sai ya ƙwalla ƙara. Daga nan yatsu su yi sanyi, su kumbura, ya daina jin taɓi. Danna farcensa ya yi fari ka saki, ya kamata jan ya dawo cikin daƙiƙa 2. In bai dawo ba, a kwance ɗaurin nan take a nufi asibiti, ko da tsakar dare ne. Ko jan ya dawo ma, muddin ciwon yana ƙaruwa, a tafi. Ba sai an kai Asibitin Ƙashi na Dala ba, mafi kusa za a fara zuwa. Za ka ji wani dattijo ya ce ɗori ne yake kamawa. Ka ba shi girmansa, amma ka kwance. In aka jira yatsu suka yi baƙi, maganar yankewa ce ta rage.

Yara sun fi shiga wannan haɗari. Yaro ya faɗo daga bishiyar mangwaro ya dafa ƙasa, ƙashin damtse ya karye dab da gwiwar hannu, babbar jijiyar jini kuwa ta gaban wurin take wucewa. Kada a ja, kada a murza, kada a lanƙwasa. A tallabe shi da kwali yadda aka same shi.

Karayar cinya zubar jini ce da ido ba ya gani. Lita 1 zuwa 1.5 na iya tsiyayewa cikin cinya, alhali duk jinin baligi bai wuce kamar lita 5 ba, karayar ƙugu kuma ta fi ta cinya zubar da jini. Irin wannan ba a zaunar da shi a kan babur. A kwantar da shi, a sa zane tsakanin ƙafafun a haɗa mai ciwon da mai lafiyar, a ɗaure sama da ƙasan karayar, a hana shi ci da sha saboda wataƙila a yi masa aiki. In ƙashi ya huda fata, kada a tura shi ciki, kada a zuba toka ko man birki. A rufe da tsumma mai tsabta, sauran aikin asibiti ne: wanki, maganin kashe ƙwayoyin cuta da allurar tetanus.

Sai wadda ake rainawa, wai targaɗe ne kawai. A wuyan hannu akwai ƙananan ƙasusuwa 8, ɗaya yana gindin babban yatsa, kuma jini kaɗan ke isa gare shi. In ka faɗi a kan tafin hannu, aka danna ɗan ramin da ke gindin babban yatsan ka ji zafi, a ɗaure shi kamar karaya ko da hoto bai nuna komai ba, a sake hoton bayan kwana 10 zuwa 14. In aka yi sakaci ƙashin kan ƙi haɗewa, wuyan hannu ya sandare tun mutum yana da ƙuruciyarsa. Kan ƙashin cinya da ke zaune cikin ƙugu ma haka yake da ƙarancin jini: in ya goce, a mayar da shi a asibiti cikin awa 6, mai sikila kuma da ya fara ɗingishi da ciwon matsematsi ya je a ɗauki hoto. Mai shan sigari ya ajiye ta har ya warke, domin tana jinkirta haɗewar ƙashi.