Watannin Yahudawa da yadda suke lissafinsu

Mu nan Sakkwato mun saba, daren 29 ga wata kowa kunnenshi na fadar Sarkin Musulmi, an gani ko ba a gani ba. To Yahudawa su ma da wata suke tafiya amma ba sa jiran gani, tuntuni sun tsayar da lissafi. Nisan kwana 30, Iyar 29, Siwan 30, Tammuz 29, Ab 30, Elul 29, sai Tishri 30 wanda a nan sabuwar shekararsu take kamawa. Tebet 29, Shebat 30, Adar 29. Heshwan da Kislew ne kawai ke canzawa, wani lokaci 29 wani lokaci 30, shi ya sa shekararsu kan zama kwana 353, 354 ko 355.

Ni abin da ya fi ja min hankali wata na 13 ne. Cikin kowace shekara 19, sau 7 suke ƙara wani Adar mai kwana 30, don idinsu na Pesah ya riƙa faɗowa a bazararsu kullum. Mu kam babu ƙari, azumi na matsowa da kusan kwana 11 duk shekara, shi ne zaka ga mun yi shi cikin zafin Afrilu ana jiƙa zane a lulluɓa da rana, bayan wasu shekaru kuma ya koma cikin hunturu.