Yadda lamba 777 ta jefa shafin makaranta hannun ɓarayi

Ban daɗe da dawowa daga sallar asuba ba wayata ta yi ƙara. Shugaban wata makarantar Islamiyya ne da na gina wa shafin intanet. "Malam, akwai matsala. Iyayen yara sun ce in sun buɗe shafinmu, wurin caca yake kai su." Gabana ya faɗi, domin tun kafin in kunna kwamfuta na san inda aka haihu a ragaya.

Wata uku kafin nan, ma'aikaciyar ofishinsu ta kasa ɗora hotunan walimar saukar Alƙur'ani. WordPress, manhajar da aka gina shafin da ita, ya ce ba shi da izinin ƙirƙirar folda. Ina cikin sauri, sai na shiga sabar, wato kwamfutar da shafin yake zaune a kai, na buga umarnin sauya izini, chmod -R 777, a kan foldar shafin baki ɗaya. Hotuna suka hau, kowa ya ji daɗi.

Waɗannan lambobi uku kowacce da wanda take magana a kansa: ta farko mai fayil, ta biyu rukuninsa, ta uku kowa da kowa. Karantawa 4 ce, rubutawa 2, gudanarwa 1. Bakwai ke nan duka a haɗe. Da hannuna na ba kowane asusu da ke kan sabar damar sauya duk fayil ɗin shafin da ya ga dama.

Da na bincika wp-content/uploads, inda bai kamata a ga komai ba sai hotuna da takardu, sai ga wani ɗan fayil mai ƙarewa da .php, wato fayil ɗin umarni da sabar ke iya gudanarwa, a tsakiyar hotunan ɗalibai sanye da alkyabba. Ta wani tsohon filogin (ƙaramar manhajar da ake ƙara wa WordPress) na cike fom da ban sabunta ba aka cusa shi. Daga nan ya bi ya lalata index.php da fayilolin jigon shafin, tunda babu abin da ya tare shi.

Na share komai, na sauko da sabon WordPress, na canza kalmar sirrin rumbun bayanai. Sai dai a nan na kusa maimaita kuskuren ta wata ƙofa. Shawarar da aka fi bayarwa ita ce a mallaka wa www-data dukkan fayiloli, a sa 755 da 644. To, a Ubuntu, tsarin da ke kan sabar, da wannan asusun ne PHP, harshen da aka rubuta WordPress da shi, yake gudana. In www-data ne mai fayil, duk wanda ya kutsa ta filogin shi ma mai fayil ne, yana da ikon rubutu. Lambobin sun yi kyau a ido, amma ƙofa tana nan a buɗe.

Abin da na yi shi ne, na buɗe wani asusu daban na mallaka masa fayilolin, rukuni kuma na bar wa www-data. Foldoji 755, fayiloli 644, wp-config.php kuwa 640, saboda a cikinsa kalmar sirrin rumbun bayanai take. Uploads kaɗai na ba 775, sannan na sa doka a Nginx, manhajar da ke miƙa shafin ga masu ziyara, cewa kada a gudanar da PHP a cikinta ko da an shigo da shi. Sauran shafuka biyu da ke kan sabar, kowanne na ware masa nasa asusun a PHP-FPM, manhajar da ke gudanar da PHP, don kada wutar gida ɗaya ta kama na maƙwabci.

Wannan tsari da wahalarsa. Yanzu maɓallin sabuntawa ba ya aiki daga cikin shafin, WordPress sai ya nemi bayanan FTP, wato hanyar tura fayiloli zuwa sabar. Shugaban ya sake kirana a kan haka, na ce masa, "Ranka ya daɗe, da gangan na rufe." Duk Asabar da safe nake shiga sabar daga nesa ta SSH in sabunta filogin da WP-CLI, mai sarrafa WordPress ta rubutaccen umarni, in leƙa uploads in tabbatar hotuna ne kawai a ciki.