Saura zango ɗaya

Talata, bayan isha'i, Agege.

Ruwan da aka kwana ana tafkawa ya shigo mana ɗaki ta taga, shi ya sa tun kafin asuba uwargida ta jawo akwatunan ƙarƙashin gado. Ina shirin fita ta miƙo min wata leda, ta ce, "Maigida, waɗannan takardun a zubar ko a shanya?" Na buɗe. Katin makarantata ne, da littattafan darasin lissafin kuɗi, da rasit ɗin kuɗin makaranta na ƙarshe da na biya a 2016. Na ce ta shanya. Katin kuwa na jefa shi aljihu, har na isa kasuwar Mile 12 ina taɓa shi ta cikin riga.

Yau tirela biyu ta albasa muka sauke daga Aliero. Aikina ke nan shekara da shekaru: buhu nawa ya sauka, nawa ya ruɓe a hanya, kuɗin mota, kuɗin 'yan dako, la'adar dillali, bashin da matan Ketu suka ɗauka za su biya ranar Juma'a. Alhaji ba ya kulle lissafi sai ya ga littafina. Amma watan jiya, da wani kamfani mai kai wa otal-otal kayan miya ya nemi akanta, abu na farko da suka tambaye ni shi ne takardar difloma. Ɗazu yaron da suka ɗauka ya zo wurina, in nuna masa yadda ake fitar da asarar ruɓaɓɓen kaya. Na nuna masa da zuciya ɗaya, yaron kirki ne. Sai dai da ya tafi na daɗe zaune a kan buhu ban ce uffan ba.

A 2014 na shiga karatun yamma da ƙarshen mako a wata kwalejin kimiyya da fasaha. Na tuna yadda nake baro kasuwa da la'asar, in maƙale a cunkoson titin Ikorodu cikin danfo, in isa aji malami na goge allo. Kujerar baya nake zama saboda warin albasa da ke jikina. Duk da haka ina son karatun nan ƙwarai. Ranar da aka koya mana yadda kowane kuɗi ke shiga gida biyu a littafi, inda ya fito da inda ya tafi, ban iya barci ba don murna. Abin da nake yi da ka a kasuwa ashe yana da suna da ƙa'ida.

Zango huɗu ne, na gama uku. Sai Baba ya rasu, na tafi gida na daɗe, na dawo da nauyin Inna da ƙannena a wuyana. Ba a yi wata uku ba aka yi wa uwargida tiyatar haihuwa, kuɗin makarantar suka tafi asibiti. Wannan ban taɓa yin nadamarsa ba, ko yau aka maimaita haka zan yi.

Abin da ke cina daban ne. Ni ban taɓa cewa na bar karatu ba. Kullum cewa nake yi sai zango mai zuwa. A 2018 kasuwa ta yi kyau, kuɗi sun shigo hannuna, babu abin da ya tare ni. Na sayi firiji, na gyara ɗakin Inna, na ce makaranta ba za ta gudu ba. Gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba ita ce kunya nake ji in koma in zauna da yaran da na girme wa, ana tambayata ina na shige. Kunyar nan ce ta cinye min shekarun, ba talauci ba.

Da na dawo da magariba na tarar da takardun a kan igiya, an maƙale su da abin shanya kamar kayan jarirai. 'Yata, wadda haihuwarta ce ta zo a wancan lokacin, tana tsaye tana karanta su. Ta ce, "Baba, kai ma ɗan makaranta ne?" Na ce na taɓa zama. Ta ce, "Ka gama?" Na ce saura kaɗan. Ta ce, "To yaushe za ka gama?" Uwarta ta kira ta cin abinci, ta ruga, ta bar ni da tambayar.

Bayan mun ci tuwo uwargida ta ce, "Maigida, gemu ba ya hana ilimi. Obasanjo ma bayan ya sauka daga mulki ya koma NOUN, jami'ar karatu daga gida, yana da shekara 80 ya gama digirin digirgir." Na ce shi ba ya sauke albasa da asuba. Ta ce ai karatun daga gida ake yi, kuma akwai cibiyarsu a Legas ɗin nan, in je in tambaya kawai.

Na ce mata ranar Asabar. Ta dube ni, ta ce, "Wace Asabar?" Na ce wannan mai zuwa.

Rasit ɗin ya bushe, tawadar ta ɗan watse amma ana ganin lambata. Na saka shi cikin littafin kasuwa, a shafin Juma'a.